Koren Fenti a Ɗakin Inna

Ranar wata Alhamis ce, saura kwana tara Babbar Sallar shekarar 1994, na ratsa tsakar gidanmu da ke wani ƙauye a gefen Roni ɗauke da saƙo a bakina. Zafin bazara ya kai inda ya kai, kaji sun lafe a gindin rumbu suna haki, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Baba yana tsaye a zaure ya riga ya kafa hula, ƙafarsa ɗaya a waje, domin motar da za ta kai shi Kazaure ta tsaya a bakin hanya ana jiransa. A bayana kuma kakata Inna tana zaune a inuwar darbejiya tana ɓarar gyaɗar iri. Tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Baba ne ya aike ni in tambayo ta launin fentin da take so a yi wa ɗakinta, ita kuwa ta ba ni amsa ko kai ba ta ɗago ba: "Ki ce masa fari, kamar kullum." Na riƙo kalmar nan har bakin zaure, na durƙusa, na ce, "Baba, ta ce kore." Shekarata tara a lokacin. Yau na taka arba'in, amma ban daina jin nauyin wannan aiken ba.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai yi mamakin abin da ya hana ɗa tambayar uwarsa da bakinsa. Baba shi ne ɗan farin Inna, ita kuma Bafulatana ce ta gidan kunya, ko da yake Hausa ta fi zama a bakinta. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take ce masa, ranar da ta so shi da yawa ta ce "mutumin Kaduna", don a wata masaƙa yake aiki a can. Idan ya zo gida, sai ya cire takalmi ya tsugunna a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuma ta juya gare ni ta ce, "Ki ce masa lafiya lau," alhali yana ji da kunnensa. Ni ce gadar da maganarsu take bi. Sunanta aka sa mini, saboda haka Baba yake kirana Ummi, ita kuma take kirana Takwara, kuma tun daga yaye aka miƙa mata ni. A gadonta na ƙarfe nake kwana, a kwanonta nake cin tuwo, ni nake zura mata zare a allura. A bisa al'ada, ranar nan ma da Baba ya zo ya tsugunna ya ji amsar da kansa. Sauri ne ya sa ya aike ni daga nesa, karo ɗaya tak.

Ɗakin Inna kuwa duk ƙauyen an san shi da fari. Sau biyu a shekara, gab da kowace Sallah, muke tafiya gindin wani dutse a yamma da gari inda mata suke haƙo farar ƙasa. Mu kan fita bayan an sha koko, ita da 'yar fartanya, ni da tsohuwar fanteka da gammo. Ta san jijiyar ƙasar da hannu: ta murza tsakanin yatsu, in ta ji tsakuwa ta watsar, in ta ji laushi ta ce in tara. Mu dawo wuyana kamar zai karye, a juye a kwatarniya a jiƙa kwana biyu, a tace da tsumma, a ɗiga ɗan bula don farin ya fito tas. Ranar shafe sai a fitar da komai tsakar gida, kwalla da tasoshi da adudu da tabarmi, ta ɗaura tsohon zani ta tsoma tsumma ta kama bango daga sama, tana murzawa a zagaye a zagaye, ni ina bin ƙasa-ƙasa inda hannuna ya kai. Idan ya bushe, ɗakin nan mai 'yar taga ɗaya sai ya yi haske kamar an ɗage rufinsa, ga wani ƙamshi irin na ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Mata su kan leƙo su ce, "Inna, ke dai ba kya tsufa." Ta ce, "Bangon ne ba ya tsufa."

Ni kam ban ga abin yabo a ciki ba, kuma gara in faɗi gaskiya tunda ita na zauna faɗa. Farar ƙasa tana bin jiki. Ko yaya ka jingina da bango sai ka tashi da ita a gadon baya, ni kuwa yarinya ce marar zama wuri ɗaya. Kayan makarantarmu shuɗi ne mai duhu, a ƙusar bangon nan nake rataye su, kullum in isa makaranta bayana fari fat. Wata Larai da muke aji ɗaya, mai bakin tsiya, ita ta raɗa mini suna "'yar injin niƙa", sunan kuwa ya bi ni har filin 'yar gala-gala, har wurin carafke. In na ci wasa a ce gari ne ya shiga idonsu, in na faɗi a ce buhu ya fashe. Yayar Larai kuma ta yi aure a shekarar, aka yi wa ɗakinta koren fenti mai mai, irin mai sheƙin nan da kake ganin inuwarka a ciki. Da muka je ganin ɗaki na shafa bangon a ɓoye, na duba tafina na ga babu komai. Tun daga ranar na ƙudurta a raina cewa duk wanda ya ci gaba a duniya, kore ne ɗakinsa.

Shi ya sa da Baba ya zo a shekarar da niyyar gyara wa uwarsa ɗaki, na fi kowa murna. Ya kawo magini aka kankare bangon aka shafe shi da siminti, Inna da ni muka koma ɗakin Ummata na 'yan kwanaki. Saura fenti. Da Inna ta ce fari, sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. A lissafina na yarinta, wa zai bambance farin fenti da farar ƙasa? Larai za ta leƙo ta ce ai ga shi nan, injin niƙa ne dai. Ina so duk wanda ya shigo ya san fenti ne tun daga bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da na sani wanda babu wanda ya sani a gidan, shi ne ya sa laifina ya wuce na ƙuruciya kawai. Idon Inna ya daɗe yana raguwa. Ni na fara lura, da na ga tana miƙa hannu gefen buta maimakon kanta, tana kuma tsintar tsakuwa a shinkafa da yatsa ba da ido ba. Ta ja kunnena kada in faɗa, don tana tsoron a kwashe ta zuwa Kano a yanka mata ido. Wata rana muna shafe ta ce mini, "Takwara, farin nan shi ne fitilata. A jikinsa nake ganin randa, a jikinsa nake ganin kujera, ke ma a jikinsa nake ganinki." Na ji maganar, na kuma riƙe ta, tunda ga shi har yau ina maimaita ta. Amma a cikin taku ashirin ɗin nan ban tuna da ita ba, bakin Larai kawai nake ji.

Baba ya dawo da la'asar da manyan gwangwanaye biyu da mai fenti a bayansa. Kwana biyu aka yi ana shafawa, kwana uku ana jiran wari ya fita. Kore ne mai duhu, irin na ganyen mangwaro. Yaran unguwa suka yi ta zarya, har Larai ta zo ta tsaya ta rasa abin faɗa, ni kuwa ina ta fankama kamar ni na sayo. Ranar jajibere aka mayar da kaya, aka ce Inna ta zo ta gani. Ta taka a hankali har bakin ƙofa ta tsaya, hannunta a kafaɗata. Na ji yatsunta sun matse ni. Ta daɗe a haka. Baba yana tsugune a gefe fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Ashe Inna kore take so, duk shekarun nan ba mu sani ba." Na tabbata asirina ya tonu. Sai na ji ta ce, "Ki ce masa ya yi kyau. Ki ce masa Allah ya yi albarka, ya ba shi masu yi masa." Ta sa kai ta shiga, tana lalube da ƙafa.

Aka yi Sallah, aka ci nama, baƙi suka yi ta yaba ɗaki, Baba ya koma Kaduna da farin cikinsa. Inna ba ta ce mini uffan ba, kuma da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Ina kallo matar da take shiga ɗakinta da rana tsaka ta ɗauko allura a inda ta aje, ta koma bin bango da tafin hannu. Ta kan kira ni in miƙo mata buta alhali butar tana gaban ƙafarta. In na shigo sai ta ce, "Wane ne?" Ta fara wuni a waje gindin darbejiya, har ruwa ya sauka aka yi shuka, damina ta kore ta zuwa ciki. Kayan makarantata sun daina yin fari, an daina kirana 'yar injin niƙa, amma tuwo ya daina yi mini daɗi. Kullum in ce gobe zan faɗa, goben ta zo in ce jibi.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, hadari ya haɗo gari ya yi duhu. Na ci ɗumame a kan kujera 'yar tsugunno, na tashi na bar ta a tsakiyar ɗaki na ruga kai wa masu noma fura. Kujerar baƙa ce, a jikin farin bango da ko daga ƙofa za ta hango ta. Ina dawowa na tarar da mata cike da gidan, randa a fashe, ruwa ya malale har waje, Inna a kwance tana salati ƙasa-ƙasa. Ƙashin cinyarta ne ya karye. Aka ɗauko mai ɗori daga ƙauyen gaba, ya ja ƙafar ya jera karare ya ɗaure, ya kafa sharaɗi cewa kada a kuskura a motsa ta daga inda take sai ƙashi ya kama. Ita da ta gudu daga ɗakin zuwa inuwar bishiya, ga shi an ɗaure ta a cikinsa.

A kwana na uku, da mata suka watse ya rage daga ni sai ita, na durƙusa a bakin gado na faɗa mata abin da na yi ina kuka. Ta lalubo kaina ta dafa. Ta ce, "Na sani tun a bakin ƙofa. Babanki bai taɓa juya mini magana ba." Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba? Ta ce, "In faɗa a dake ki ranar jajibere? Shi kuma in ɓata masa abin da ya yi don ya faranta mini? Kul, kada ki ƙara tayar da zancen." Wannan umarnin nata kam ban bi ba. Da Baba ya iso bayan mako guda, na same shi a zaure shi kaɗai na zayyana masa komai, har da zancen idon da aka hana ni faɗa. Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Da marin bai zo ba, sai na ɗago. Ba ni yake kallo ba, tsakar gida yake kallo, daga zaure zuwa gindin darbejiya. Can ya ce, "Ummi, kin yi laifi babba. Amma da na tako da ƙafata na tsugunna kamar yadda na saba, da na ji da kunnena. Saurin kama mota ne ya ɗebe ni." Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Ya so a sake fentin a washegari, amma babu hali. Ba a motsa Inna, ba kuma za a shafa mai warin nan tana kwance a ciki ba. Sai jira. Ni kuwa jiran ya gagare ni. Wata Asabar na saci jiki na tafi gindin dutse ni kaɗai, na haƙo abin da zan iya ɗauka, na jiƙa na tace kamar yadda ta koya mini, na shigo da tsumma na kama bangon da ke fuskantar gadonta. Ina shafawa yana zamewa yana tsiyayowa ƙasa, abin da ya ɗan tsaya kuma da ya bushe sai ya ɓare ya zube, koren ya fito yana sheƙi kamar ba a taɓa shi ba. Na yi sau uku, na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Inna da ta ji ƙamshin ta gane abin da nake yi, sai ga ta tana dariya, karon farko tun faɗuwarta. Ta ce, "Takwara, ƙasa ba ta kama mai. Bar wahalar da kanki, kawo tsumman nan kusa da ni in shaƙa."

Fiye da wata biyu ta yi a kwance a cikin duhun nan, ni ina jinya tare da Umma, ina juya mata matashi, ina ba ta labarin yadda gero ya yi a gona. Sai da aka fara yankan gero mai ɗori ya kwance karare. Baba ya ɗauki hutu ya zo, aka ɗauke ta zuwa ɗakin Umma. Da ya tsugunna ya yi zancen farin fenti, ta ce, "Ki ce masa ƙasata nake so." Bai kira kowa ba. Ya tuɓe riga ya ɗauki guntun ƙarfe, ya yi kwana uku yana kankare bangon nan da hannunsa har tafinsa ya yi kanta ya fashe. Ni da Umma muka je gindin dutse sawu huɗu, muka shafa, ya bushe muka ƙara, har sau uku, na ɗiga bula daidai yadda take ɗigawa. Ɗakin ya dawo fari tas, hasken 'yar tagar nan ya cika shi.

Aka kawo ta a kan tabarma, aka zaunar da ita a bakin gado. Muka zuba wa fuskarta ido. Ta buɗe ido sosai ta juya dama, ta juya hagu, ta ce, "An buɗe tagar kuwa?" Tagar a buɗe take, rana tana tsaka. A cikin watannin nan ɗan ganin da ya rage mata ya tafi, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Daga baya da aka kai ta asibiti a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma ko da wane irin bango da ƙarshenta ke nan. Baba ya sha maimaita mini wannan don hankalina ya kwanta. Na yarda da likita. Amma na san ko saura wata huɗu ne ganin da Allah ya rage mata, a cikin fari ya kamata ta ƙarasa shi, tana ganin randarta da kujerarta da ni.

Da ta ji shirunmu ya yi yawa, sai ta ja dogon numfashi ta ce, "Kai, na ji shi. Ya yi." Ta miƙa hannu ta shafi bango, ta lalubo ni ta juya ni, ta goga tafin a gadon bayana. Ta ce, "Gobe ki je makaranta Larai ta gani." Ashe har wannan ta sani. Washegari haka na tafi da shatin yatsunta biyar a rigata, ban kaɗe ba. Shekara biyu ta ƙara a duniya, da sanda a hannu da ni a gefe, kuma kowace Sallah ni nake shafe ɗakin tana zaune tana gyara mini da kunne: "Kin bar sama, na ji tsummanki bai kai ba."

Yanzu ina koyarwa a Kazaure, ina da gidana da 'ya'yana. Hanyar gindin dutsen nan ciyawa ta rufe ta, 'yata ba ta san yadda ake jiƙa farar ƙasa ba, ba ta ma taɓa jin ƙamshinta ba. Yau mai fenti kati yake miƙo maka mai launi fiye da yadda ido zai iya rarrabewa, kowanne da sunansa, akwai ruwan madara, akwai ruwan toka, farin ma kala-kala. Bara ƙannena suka rushe tsohon ginin suka yi wa Baba ɗaki na bulo, a daidai inda na Inna yake. Baba ya tsufa, ya fara riƙe takarda nesa da fuska, ya fara cewa "Wane ne?" in an yi sallama daga inuwa. Suka turo hoton katin a waya, kowa yana faɗin nasa, aka kusa tsayawa a kan ruwan toka mai duhu, wai shi ake yayi kuma ba ya nuna datti. Ƙaramin ya rubuta cewa zai aiki ɗansa ya tambayo Baba.

Ban ba su amsa a waya ba. Na roƙi izini a makaranta, na shiga mota zuwa Roni, na hau babur zuwa ƙauye, na biya na ɗauko mai fentin na sa shi a gaba. A ƙofar ɗakin na cire takalmi na tsugunna, na ce, "Baba, wane launi kake so? Ga mai aikin nan, ya ji daga bakinka." Ya daɗe yana kallon wajen da muryata take. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ummi, tun daga Kazaure?" Na ce tun daga Kazaure. Ya ce, "Fari, kamar kullum."

Na tsaya har aka gama shafe na biyu. Fentin yana da kyau, ba ya bin riga, ba ya kuma ƙamshin komai. Kafin in fito na shafi bangon na duba tafina, na ga babu komai a ciki, sai na ji kewar Inna ta taso mini. Taku ashirin ba nisa ba ne, amma ni shekara talatin na yi kafin in isar da saƙon nan daidai.